Ƙasar Ciko

Da baya tifar ta shigo lungun, tana gurnani tana tangaɗi, gefenta na kankare katangun mutane. Tela na tsaye a ƙofar gidansa, tef ɗin awo rataye a wuya, 'yarsa a kan kafaɗarsa ta kama kunnuwansa biyu tana ba direba umarni da iyakar muryarta.

"Taho! Taho! Taho! Kai, ya isa haka, za ka rusa mana gida!"

Lungun gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Shekarar yarinyar uku da 'yan watanni, amma bakinta ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun da ta fara magana sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa Aku yake ce mata, har uwar da ta haife ta.

Direban ya leƙo ta taga. Yayan matar Tela ne, ƙaton mutum mai son a yaba masa.

"Ranki ya daɗe, in juye?"

"Juye!" in ji Aku.

Bayan motar ya ɗaga sama, ƙasar ta zubo da wani irin nauyi har sai da lungun ya girgiza. Ba ja ba ce, ba kuma yashi ba ne. Baƙa ce mai ruwan toka, da ƙyalli-ƙyalli a cikinta kamar an barbaɗa mata garin kwalba, ga wani ɗan tsami-tsami da ke tsikarar hanci. Tela ya sauke yarinyar, ya damƙo cikin hannu ɗaya ya jinjina.

"Yaya, wannan ai ƙarfe ne, ba ƙasa ba."

"To ai shi ne amfaninta," in ji Direba, yana dirowa daga mota. "Ruwa ba ya cinta, ba ya kwasarta. Ragowar tukunyar narka batir ce. Ta taru ta yi musu tsauni a bayan kamfani, sun rasa yadda za su yi da ita. Manaja ya ce duk mai son ciko ya yi magana, kyauta ce, har motar ma su za su bayar. Na ce wallahi gidan ƙanwata zan fara kaiwa."

Wanda bai taɓa zama a wannan lungu ba, ba zai gane abin da ya sa idon Tela ya ciko da ƙwalla ba. Lungun a kwari yake, bayan doguwar katangar kamfanin da ke fasa tsofaffin baturan mota yana narka dalmar ciki. Duk ruwan da Allah ya saukar a unguwar, nan yake tarewa. A daminar bara ruwa ya shigo musu da rana tsaka, kafin a ce me ya kai gwiwa. Ya jiƙa yadin mutane, ya shiga cikin keken ɗinki ya bar masa tsatsa, Maman Aku ta yini tsaye a kan gado da yarinya a goye tana kallon tukwanenta suna yawo. Tun ranar Tela ya rantse sai ya ɗaga gidan nan. Amma tifar jar ƙasa ba abin da mai faci da rage tsawon wando zai tunkara ba ne. Sai ga ciko yau har ƙofa, babu ko sisinsa.

"Allah ya saka wa manajan nan da alheri," ya ce, da zuciya ɗaya kuwa ya faɗa.

Kwana huɗu suka yi suna aikin, shi da matarsa. Ya jido da baro, ta baje da shebur, su yayyafa ruwa su daɓe. Tsakar gida ta tashi taƙi biyu cif. Suka fitar da gado suka cike ɗakin kwana, suka cike zauren da yake ɗinki. Aku ma ba a bar ta a baya ba, da gwangwanin madara take jido nata, tana yi tana ce wa uban ya cika lalaci. Maƙwabta suka yi ta rububin lodin da suka biyo baya, har aka ba hammata iska tsakanin gida biyu. Kafin rabon ya kai ƙarshen lungu, tsaunin kamfani ya ƙare.

Da damina ta sauka, ruwan ya zo kamar yadda ya saba, ya shinshini dokin ƙofar Tela ya wuce. Ranar, zo ka ga Tela! Ya jawo keke bakin zaure yana takawa yana fito, duk wanda ya gifta da wando a naɗe sai ya tsokane shi. Aku na zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa tana gina gidaje da baƙar ƙasa, tana sallamar masu zuwa karɓar ɗinki tun kafin uban ya buɗe baki.

"Gobe in Allah ya so, saura maɓalli!"

"Ja'ira," in ji Tela. "Ke ce za ki kashe mini kasuwa."

* * *

Da kaji abin ya fara. Kajin Maman Aku guda shida, waɗanda ke yini suna tonon tsakar gida, suka riƙa tafiya a karkace kamar masu maye, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce annobar kaji ce, aka yi mata jaje aka wuce wurin.

Sai Aku ta fara ciwon ciki. Ta dafe cibiya ta yi ta murƙususu, ta yi kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Mai kemis ya ce tsutsa ce, ya ba da magani. Abinci ta daina ko kallonsa, amma sau biyu uwar na kama ta a bayan randa da baki baƙi ƙirin.

"Tofar! Me kike ci?"

"Zaƙi gare ta, Mama."

Ta sha duka a kai, ba ta daina ba.

Abin da ya fi tsaya wa uwar a rai shi ne shirun. Maganar yarinyar ta riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ta ɗauko waƙa ta tsaya a tsakiya, ta yi ta kallon bango. Ta nuna abu ta rasa sunansa, sai ta fashe da kuka ta ciji hannun kanta. Masu karɓar ɗinki su shigo su fita, babu mai ce musu gobe.

"Baban Aku, yarinyar nan fa ba daidai take ba."

"Girma ne, kunya ta fara zo mata," in ji Tela, yana ƙoƙarin zura zare a allura. "Da kina ƙorafin ta cika surutu, yanzu ta yi shiru kina ƙorafi. Ku dai ba a iya muku."

Ya faɗa ne don ya kwantar mata da hankali, amma shi kansa tsoro ne fal cikinsa. Sau uku zaren na kuɓuce masa.

* * *

Sai da aka binne yara uku a lungunan bayan katanga cikin wata guda, sannan ma'aikatan lafiya suka zo da farar mota. Suka kafa tebur a gindin bishiyar bakin hanya, suka ce a kawo duk yaron da bai kai shekara biyar ba. A huda ɗan yatsa, a ɗiga jini a wata 'yar na'ura, lamba ta fito, a rubuta a kati a miƙa wa uban yaro, a ce ya koma gefe ya jira likita. Jama'a ta yi yawa, ba wanda ya samu sukunin yi wa wani bayani.

Maza suka taru a inuwa suna gwada katunansu. Wannan sha takwas, wancan ashirin da bakwai. Mai aski, wanda ba a raba shi da barkwanci, ya leƙa na Tela ya daka tsalle.

"Sittin da tara! Jama'a, Aku ta zo ta ɗaya! Da ma ni na san kan yarinyar nan na ja. Ɗana kuwa sha biyu ya ci, gadon ubansa ya yi."

Aka yi dariya. Tela ma ya yi, har da gyara zaman hula. Shi dai abin da ya sani, a makaranta mai babbar lamba shi ne a gaba, ga shi wata biyu ke nan bai ji wani abin daɗi a kan 'yarsa ba. Wannan dariyar, har ya koma ga Allah ba zai yafe wa kansa ita ba.

Likitar ce ta katse su. Mace ce siririya mai tabarau, ta taso daga tebur da sauri har tana ture kujera.

"Ina mai sittin da tara? Ina yarinyar?"

Ta duba idon Aku, ta ɗaga leɓenta ta duba dasashi, sannan ta dubi Tela.

"Malam, a kamfanin kake aiki?"

"A'a, ɗinki nake yi."

"Kuna fasa batir a gida?"

"Ko kusa."

"To a ina take wasa?"

"A tsakar gida. Gidana tsaf yake, likita, ko ruwa ba ya kwanciya. Bana na cike shi."

"Da me?"

Ya gaya mata. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Wannan lambar, yawan dalmar da ke cikin jininta ne. Guba ce, Malam. Ko biyar muka gani hankalinmu tashi yake. Kira uwarta ku shiga mota, yanzu."

Ba su kai asibiti ba jijjiga ta kama Aku. Jikinta ya sanƙare a cinyar uwar, idanu suka juye, haƙora suka datse, kumfa na fita ta gefen baki. Maman Aku na salati tana girgiza ta. Tela ya riƙe 'yan ƙafafun da ke harbawa, ya ga baƙar ƙasa maƙale a ƙarƙashin faratanta.

* * *

Ta rayu. A rana ta biyar ta buɗe ido, ta dubi ubanta kamar yadda ake duban baƙo a tasha. Hannunta na dama ya yi lakwas. Aka ɗora ta a kan magani na mako uku.

Likitar ta kira su ofis, ba ta ɓoye musu komai ba. Maganin zai janye dalmar daga jini. Abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa kuwa sai yadda Allah ya yi; wata maganar za ta dawo, wata ba za ta dawo ba.

"Amma ku ji ni da kyau. In kuka mayar da ita kan ƙasar nan, duk wahalar nan ta tashi a banza, kuma karo na biyu ba lalle ta tashi ba. Ko yini ɗaya kar ta yi kusa da ita."

"Likita, ba mu da wani gidan. Gadon ubana ne, ɗaki ɗaya da zaure."

"Dangi fa?"

"Duk a lungun suke. Duk sun cike."

"To a kwashe ta, har sai an ga asalin ƙasa, a kai ta nesa da mutane. Na rubuta wa hukuma, sun ce za su turo motoci." Ta kau da kai. "Ni dai shawarata, kar ka jira su."

A barandar asibiti Maman Aku ta zube a kan benci. Tela ya jira ta zage shi, ya so ma ta zage shi, ta haɗa da yayanta. Ba ta yi ba.

"Da hannuna nake zaunar da ita a kai," ta ce. "Kullum sai na share wurin tas, in ce mata zauna nan, nan ne mai tsabta."

* * *

Abin da suka daɓe cikin kwana huɗu suna raha, kwana goma sha ɗaya ya yi yana fasawa shi kaɗai. Ya rufe keken ɗinki da buhu, ya ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ya aro diga. Ƙasar ta kame kamar siminti, kowane sara sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Hannun da bai saba da abin da ya fi almakashi nauyi ba ya yi bororo, bororon ya fashe, ya naɗe da ragowar yadi ya ci gaba. Bai bar ko loko ɗaya ba. Ya kankare gindin bango da wuƙa, ya wanke sau uku. Duk abin da ya haƙo a ƙofar gida yake jibgewa, don nan ne kaɗai filin da yake da shi. Tulin ya kai masa ƙirji.

Lungun kuwa ya rabu. Masu inda za su je sun kwashi yaransu sun tafi. Cikin waɗanda suka rage, wasu suka ce sharrin likitoci ne, masu gidajen haya kuma suka hana a ta da maganar kar 'yan haya su gudu. Motocin hukuma ko ƙurarsu ba a gani ba.

Direba ya zo a ƙafa, ya tsaya nesa da tulin yana murza makulli a hannu.

"Yaya, lodi ɗaya ne," in ji Tela. "Yadda ka kawo ta, ka zo ka mayar musu."

"An tara mu an gaya mana, duk wanda ya dawo da ko cikin shebur ɗaya, ya ajiye makulli. Sun ce su ba su san da wata ƙasa ba." Ya dubi makullin da ke hannunsa. "'Ya'ya bakwai gare ni, Tela."

"Ka san abin da ke cikinta?"

"Wallahi tallahi ban sani ba."

"Su fa?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Masu loda mini ita da safar hannu suke yi, da abin rufe hanci. Ni na ɗauka iyayi ne."

Ran Tela ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya cika baro, ya tura shi ya zagaye doguwar katangar, ya juye a bakin get ɗin kamfani da rana tsaka, kowa na gani. Masu gadi uku suka fito. Babbansu, mai sanda, bai ko ɗaga murya ba.

"Kai, mene ne wannan?"

"Kayanku ne na dawo muku da shi. 'Yata na asibiti."

"Allah ya ba ta lafiya. Saya ka yi a wurinmu? Ina rasit?"

"Kyauta kuka ba ni."

"To ka ji. An yi maka kyauta, ka karɓa hannu bibbiyu har da addu'a, yanzu ka zo kana zuba mana shara a ƙofa. Kwashe."

Bai zo da shebur ba. Da tafukansa masu ciwo ya kwashe ta tas, sanda na taɓa masa ƙeya, ma'aikata na wucewa suna kau da ido.

Daga nan ya nufi jujin bakin kwata. Matan da ke zaune kusa da jujin sun ji labari, suka fito da tsintsiya da itace suna ihu, wai ya kashe tasa ya zo ya kashe nasu. Bai ga laifinsu ba. Masu motar shara suka ce su shara suke ɗauka, ba ƙasa ba. Da la'asar ya dawo da baron kamar yadda ya fita da shi, ya juye a kan tulin.

* * *

Ranar da za a sallame su, tun hantsi hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cak. Tela ya tsaya tsakanin tulin da ƙofarsa yana auna abin da ido, don wannan awon ba sai da tef ba. Tsakar gidan yanzu ta fi da zurfi, saboda wajen kankara ya haɗa har da asalin ƙasar. Ruwan shekaranjiya ma ya ci gefen tulin. Wani ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa tulin nan ya narke, ya bi ta zaure ya koma inda ya fito, har ƙarƙashin gado.

Waya ta yi ƙara. Maman Aku ce.

"Sun ce bayan azahar za su sallame mu, wani yaron na jiran gadon. Ka kwashe?"

"Na haƙe duka."

"Ba haƙa na tambaye ka ba. Ka kwashe daga ƙofar?"

"Ana kai."

"Yau ta ce ruwa. Da bakinta, Baban Aku! Ta nuna kofi ta ce ruwa."

Ya kashe wayar, ya zauna a kan baron da ya kife, ya rufe fuska da naɗaɗɗun hannuwansa.

"Salamu alaikum. Maigida, sannu da hutawa."

Wani tsamurarren mutum ne, rigarsa duk baƙin mai. Tela ya gane shi. Mai facin taya ne da ya kama haya kwana goma da suka wuce a ɗakin ƙarshen lungu, can ƙasa inda ciko bai kai ba. Daga wani gari ya zo, kullum a bakin titi yake yini, bai san kowa ba, ba wanda ya san shi. Wata 'yar yarinya na riƙe da gefen wandonsa, ba za ta wuce shekara biyu ba, tana tsotsar yatsa.

"Don Allah in ba za ka ji haushi ba. Kullum ina wuce ƙasar nan. Aiki za ka yi da ita?"

Tela ya girgiza kai. "A'a."

"Wallahi ruwan shekaranjiya a tsaye muka yini. Mai ɗakina ga tsohon ciki, ga wannan. Katifar har yau ba ta bushe ba. Mai gidan ya ce in ina son ciko in yi da kaina. Ga shi kuma ka ga gabas." Ya sosa ƙeya. "Na ce bari dai in cire kunya in roƙa. Ni zan jide da kaina, kafin ruwan nan ya sauko na share maka wurin tas."

Tela ya dubi yarinyar. Ya dubi gabas. Maganar na nan a kan harshensa, gajeruwa ce, ya san ta: guba ce, ita ta kwantar da 'yata. Yana faɗa, mutumin zai sungumi 'yarsa ya ruga, tulin kuma ya jira ruwa a nan.

"Ƙasar nan," ya ce a hankali, "ba ta da kyau."

Mai faci ya dubi tulin ya tuntsire da dariya.

"Haba maigida, wane kyau kuma? Ai ba kwalliya zan yi da ita ba. Don tana baƙa? To ni fari ne? In dai za ta tare ruwa, ai ta gama kyau."

Nan ne wurin da Tela zai ce, ba wannan kyan nake nufi ba. Ya buɗe baki. Aka yi wata doguwar tsawa can nesa, iska mai sanyi ta taso ta ɗebi ƙurar saman tulin ta watsa cikin zaurensa. Na dai faɗa masa, ya ce a ransa. Allah na gani na ce masa ba ta da kyau. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, ya kuma san Wanda ya kira shaida ya fi shi sani.

Ya tashi daga kan baron, ya juyo da shi.

"Ga shebur can," ya ce.

Mutumin ƙarfi gare shi kamar ba shi ne tsamurarren nan ba. Sawu bayan sawu yake yi, a guje. Da tulin ya yi rabi Tela ya ga hadarin na matsowa, sai ya ɗauki diga yana farfasa masa manyan ɓaraguzan don aikin ya yi sauri. Bai yarda ya ɗaga kai ba. Yarinyar ta gaji da bin uban a ƙafa ta fara kuka, a sawun ƙarshe ya ɗauke ta ya ɗora a kan lodin. Nan take ta yi shiru, ta nutsa hannuwa biyu a ciki.

"Sauke ta!" Tela ya daka tsawa, har shi kansa ya firgita.

Mai faci ya waiwayo da mamaki.

"Za ta... za ta faɗo."

"Ina! Ta saba. Na gode, maigida, na gode ƙwarai. Wallahi ban san da bakin da zan gode maka ba."

Baron ya gangara yana kuka. Yarinyar ta juyo tana ɗaga wa Tela hannu, tafin baƙi ƙirin.

Ya share wurin. Ya kwara ruwa ya sake sharewa, ya kuma kwarawa. Ya yi wanka, ya sauya riga. Yana fitowa ɗigon farko na sauka, motar haya na tsayawa a bakin lungu.

Maman Aku ta taho da sauri, yarinyar a kafaɗa lulluɓe da zane. A ƙofar gida ta ja ta tsaya. Ta dubi filin, fes, babu ko ɓurɓushi. Ya daɗe bai ga fuskarta ta saki haka ba.

"Alhamdu lillahi! Hukumar ce ta zo?"

"A'a. Wani bawan Allah ne ya kwashe."

"Ina ya kai ta?"

"Can ƙasa."

"Allah sarki. Ka san shi?"

"Baƙo ne."

"Ko ruwa ka ba shi ya sha?"

"Sauri yake, yana tare da 'yarsa."

Ya miƙa hannu ya karɓi Aku. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kwantar da kai a wuyansa, hannun daman na lilo.

"Ashe 'ya gare shi," in ji Maman Aku. Ta ɗaga tafukanta biyu sama, ruwa na ɗiga a cikinsu. "Allah ya raya masa ita. Yadda ya rufa mana asiri, Allah ya rufa masa. Allah ya sa kar ya taɓa ganin abin da muka gani."

Ta jira.

"Baban Aku, ka ce amin mana."

Tela ya ƙara ƙanƙame 'yarsa, ya sunkuya ya shige zaure, ya bar ta tsaye a cikin ruwan da hannuwa a sama.